Gishirin Harsashi da Tsatsar Bindiga

1.0 Gabatarwa



Mai yiwuwa ne wani ya yi mamakin abin da ya haɗa malamin Hausa da zancen bindiga da harsashi. Amsar kuwa ba ta da nisa. Farauta da ƙira suna cikin manyan sana'o'in Bahaushe na gargajiya, hawan salla kuma ba ya cika sai da ƙarar bindiga. Duk wanda ya ɗauki nazarin waɗannan al'adu da gaske, tilas ne ya san kayan aikinsu, da abin da ke raya su, da abin da ke kashe su. Har wa yau, ilmin kimiyya da fasaha ba zai amfani jama'armu ba muddin yana kulle cikin harsunan da ba su ji.

Abin da wannan lacca za ta yi bayani a kansa shi ne wani irin harsashi wanda ke barin gishiri a cikin bindiga bayan an harba shi, gishirin kuma ya jawo tsatsa ta cinye ƙarfen daga ciki. Za mu duba asalin abin, da yadda ake gane irin wannan harsashi, da ɓarnar da yake yi, da kuma maganinsa. Za mu ga cewa dabarar tsofaffin maharba ta wanke bindiga da ruwan zafi ita ce kimiyya ta zo ta gaskata daga baya.

Kafin mu shiga, ya kamata a tuna da doka. Dokar Makamai ta 1959 ta kasa bindigogi kashi uku. Akwai na soja, waɗanda aka haramta wa farar hula, cikinsu har da masu harsashi mai kaurin milimita 7.62 da masu lamba .303. Akwai na farauta irin mai baki biyu, waɗanda sai da lasin daga Sufeto Janar na 'Yan Sanda. Sa'an nan akwai waɗanda ake ɗurawa ta baki, watau adaka da danginta, su kuma Kwamishinan 'Yan Sanda na jiha ke ba da izininsu. Saboda haka wannan bayani na waɗanda doka ta ɗora wa riƙon bindiga ne: soja, da ɗan sanda, da maharbi mai lasin, da 'yan bindigar sarki, da masu kula da kayan tarihi.

2.0 Kalmomi da Ɗan Tarihi

Kalmomin da Bahaushe ke amfani da su a wannan fage sun isa su nuna hanyar da bindiga ta biyo. Ita kanta kalmar bindiga daga Larabci take, daga bunduƙiyya. Albarushi daga albarud yake. Harsashi kuwa daga arrasas, wadda ma'anarta dalma, domin da dalma ake yin ƙwayar da ake harbawa. Amma da abin ya zauna a hannun Bahaushe sai ya raɗa wa sassansa sunaye na gida. Abin da ake ja da yatsa ya kira shi kunama. Bindigar da ba ta harbi sai sau ɗaya ya kira ta harba-ruga. Ga kuma adaka, ga baushe, ga bindigar toka.

Littafin Tarihin Kano ya nuna cewa a zamanin Sarki Kumbari, wanda ya yi mulki daga 1731 zuwa 1743, an shigo da bindigogi Kano, kuma Sarki Babba Zaki, daga 1768 zuwa 1776, shi ne ya fara ajiye 'yan bindiga masu tsaron sarki. Ke nan 'yan bindigar da muke gani a Hawan Daushe da Hawan Nassarawa sun gaji aikin da ya haura shekara 250. A 1903, sa'ad da rundunar Kanar Morland ta ci birnin Kano, jama'a suka ga wani sabon iri: bindiga mai cin harsashi haɗaɗɗe, wanda ake sa shi ta baya.

Wannan harsashi haɗaɗɗe sassa huɗu gare shi. Akwai kwanso, na tagulla ko na baƙin ƙarfe. Akwai albarushi a cikin kwanson. Akwai ƙwaya a bakinsa. A gindinsa kuma akwai wani ɗan ƙoƙo wanda bai kai ƙwayar wake ba, cike da sinadari mai kamawa da wuta in an buge shi. Wannan ɗan ƙoƙo za mu kira shi makunni, tun da shi ke kunna albarushi. In an ja kunama, wata allura ta ƙarfe ce ke dukan makunni, shi kuma ya tofa wuta cikin kwanso. Duk zancenmu na yau a kan wannan makunni yake, mafi ƙanƙanta cikin sassan huɗu. Hausawa sun ce ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido.

3.0 Asalin Gishirin

Bindigogin da aka fi amfani da su dab da zuwan makunni da ƙanƙara suke tashi, kamar dai yadda ake ƙyasta ƙyastu. A 1807 wani limamin coci a ƙasar Sikotilan, Alexander Forsyth, ya yi rajistar dabarar tayar da bindiga da sinadari mai kamawa in an buge shi. Daga nan aka sami makunni. Sinadarai biyu suka fi shiga cikinsa a ƙarni na 19. Na farko ana yin sa da zaiba. Aibinsa shi ne zaiba tana shiga jikin tagulla ta sa kwanso ya yi gautsi, shi ya sa sojan Amurka suka daina amfani da shi a 1898. Na biyu shi ne fotasiyam kulorat, wanda kowa a wannan ɗaki ya taɓa riƙe shi, domin shi ne ke cikin kan ashana. Don sauƙin magana bari mu kira shi gishirin ashana.

Gishirin ashana yana ƙunshe da iskar oksijin mai yawa. In an buge shi tare da abin da zai ci wuta, sai ya saki oksijin ɗin nan take, wuta ta tashi. Abin da ya rage bayan nan shi ne fotasiyam kulorayid, ɗan uwan gishirin miya na kusa, fari, marar wari, mai laushi kamar ƙura. Hayaƙin harbi ke ɗaukarsa ya shafe cikin bututun bindiga da shi tun daga gindi har baki.

Abin lura a nan shi ne, shekaru da yawa ba wanda ya san da wannan gishiri. Dalili kuwa, albarushin dā, wanda ake haɗawa da gawayi da farar wuta da wani gishiri mai suna fotasiyam naitiret, yana barin dauɗa mai yawa ƙwarai. Fiye da rabin nauyinsa ba ya zama hayaƙi, toka yake zama, kuma tokar tana jan laima. Saboda haka kowane mai bindiga, a Turai ko a ƙasar Hausa, ya san tilas ne ya wanke ta da ruwa bayan harbi. Ruwan da ke tafiya da toka shi ke tafiya da gishirin makunni, ba tare da mai wankewa ya sani ba.

A 1884 wani masani Bafaranshe, Paul Vieille, ya ƙago albarushi marar hayaƙi, a 1886 kuma Faransa ta fito da bindigar Lebel mai aiki da shi. Sauran ƙasashe suka bi sahu. Sabon albarushin ba ya barin toka sai kaɗan, don haka mutane suka ga ba dalilin zuba ruwa a bindiga. Suka koma ga shafa mai kawai. Nan fa tsatsa ta ɓarke. Sai a goge bindiga tas, a shafe ta da mai, a ajiye, bayan 'yan kwanaki a tarar cikinta ya yi ja. Aka yi ta zargin sabon albarushin, ana cewa wai tsami yake bari a jikin ƙarfe, aka yi ta haɗa magungunan kashe tsami, ba su yi amfani ba.

Sai a 1922 wani masanin sinadarai na Hukumar Ma'adinai ta Amurka, Dokta Wilbert Huff, ya buga sakamakon bincikensa. Ya nuna cewa laifin na gishirin makunni ne, cewa gishirin ba ya narkewa a cikin mai, kuma yana ci gaba da aikinsa a ƙarƙashin man da aka shafa. Ruwa ne ke narkar da shi. Watau abin da aka bari a matsayin tsohon yayi shi ne maganin.

4.0 Yadda Gishirin ke Cin Ƙarfe

Kowace mai girki ta san halin gishiri da damina. Wanda aka bari a buɗe a madafi sai ya jiƙe ya dunƙule ko da ba a zuba masa ruwa ba, domin yana jawo laimar da ke cikin iska. Haka ɗan uwansa da ke cikin bindiga yake yi. In laimar iska ta kai wajen kashi 85 cikin 100, sai ya narke ya zama ɗigon ruwan gishiri, kuma tsatsa kan fara tun kafin a kai nan. Ruwan gishiri a kan baƙin ƙarfe, ga iska tana shiga, shi ne cikakken sharaɗin tsatsa.

Abu biyu suka sa wannan tsatsa ta fi ta kullum muni. Na farko, gishirin ba ya ƙarewa. Shi dillali ne tsakanin ƙarfe da ruwa da iska, ana gama ciniki ɗaya sai ya shiga wani. Na biyu, ba ya cin ƙarfe bai ɗaya. Rami yake haƙawa. In ƙaramin rami ya samu, gishiri da laima sai su taru a ciki, ramin ya yi ta zurfi, bakinsa kuwa ƙanƙane. Ana iya goge jan da ke sama, amma ƙarfen da ya tafi ya tafi.

A nan ne yanayin ƙasarmu ya shigo cikin zancen. Da hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu, laimar iska a Kano takan sauka ƙasa da kashi 20 cikin 100 da rana. A irin wannan bushewa gishirin kwance yake, ba ya motsi. Lokacin nan ne kuwa na farauta, bayan an kawar da amfanin gona, daji ya bushe. Maharbi zai yi harbi, ya dawo ya shafa mai, ya duba bayan mako guda ya ga ba kome, sai ya sakankance. Bindiga ta shiga lungu. Sa'an nan bazara ta kawo laima, ruwa ya sauka, marka ta zo a watan Agusta. Gishirin da ya yi wata biyar yana barci sai ya farka. In kaka ta yi aka ɗauko bindiga, sai a tarar an yi ɓarna, mai ita kuma ya ɗora wa damina laifi, alhali tun da rani aka shuka abin.

Wanda ya yi harbi da damina kuwa ba ya samun wannan jinkiri. Kwana ɗaya ko biyu sun isa ja ya bayyana. 'Yan bindigar sarki ya kamata su lura da wannan, domin salla tana zagaya shekara: hawan da ya faɗo cikin hunturu, bayan 'yan shekaru cikin damina zai faɗo.

Mazan jiya da suka yi yaƙin Bama a runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma, tsakanin 1943 da 1945, sun san wannan darasi. Bindigarsu Lee-Enfield ce mai harsashi .303, makunninsa kuwa mai gishiri ne, ga ƙasa mai ruwan sama kamar da bakin ƙwarya. Ƙa'idar sojan Ingila a lokacin ita ce a sa mazurari a gindin bututu a kwarara tafasasshen ruwa bayan harbi, a busar, kana a shafa mai.

5.0 Yadda Ake Gane Harsashi Mai Gishiri

Masana'antu sun daɗe da samo makunni marar gishiri. A Amurka kamfanin Remington ya fito da nasa mai suna Kleanbore wajen 1927, a Jamus kuma kamfanin RWS ya fito da Sinoxid a 1928. To, amma rundunonin soja ba su yi saurin sauyawa ba, domin makunni mai gishirin ashana yana da amana: yana tashi cikin tsananin sanyi, kuma yana shekara da shekaru a ajiye bai lalace ba. Sojan Amurka sai a farkon shekarun 1950 suka sauya ga yawancin harsasansu. Tarayyar Sobiyet da Sin da ƙasashen Gabashin Turai sun ci gaba da yin mai gishiri shekaru da dama bayan nan.

Wannan ya shafe mu kai tsaye. A lokacin yaƙin basasa, daga 1967 zuwa 1970, makaman Tarayyar Sobiyet sun shigo Nijeriya. Bindigar Kalashnikov, wadda aka fi sani da AK-47, yanzu tana hannun soja da 'yan sanda. Bayan faɗuwar gwamnatin Libiya a 2011 kuma, tsofaffin makamai da harsasai sun bazu a yankin Sahel. Saboda haka harsashin da ya girmi mai riƙe da shi ba baƙon abu ba ne a ƙasar nan.

Hanya ta farko ta ganewa ita ce karanta hatimin da ke gindin kwanso. Harsashin soja yakan ɗauki alamar masana'anta da lambobi biyu na ƙarshen shekarar da aka yi shi. Alal misali, a harsasan Ingila harafin K na kamfanin Kynoch ne, RG na masana'antar Radway Green, KF kuma na Kirkee ta ƙasar Indiya. POF na Pakistan ne. Masana'antun Sobiyet lamba suke sawa: 539 ta Tula ce, 17 ta Barnaul, 3 ta Ulyanovsk, 711 ta Klimovsk. Lamba 10 ta Bulgeriya ce. Ƙananan haruffa bxn na Cekoslobakiya ne. Na Sin sukan ɗauki lambobi irin 31 da 61 da 71. Namu na Kaduna, inda aka kafa masana'antar makamai a 1964, an san shi da haruffan OFN. In an san ƙasa an san shekara, an yi rabin aiki. Ƙa'idar da masu kula da rumbun makamai ke bi ita ce: tsohon harsashi .303 na sojan Ingila, da harsashin sojan Amurka na kafin 1950 in ban da na ƙaramar bindigar kabin, da harsashin soja na ƙasashen Gabas na zamanin yaƙin cacar baka, duk a ɗauke su masu gishiri ne sai in gwaji ya nuna akasin haka. Harsashin farauta na kamfani wanda ake sayarwa a yau don bindiga mai baki biyu, shi ba ya cikin wannan zargi.

Hanya ta biyu ita ce leƙa cikin kwanson da aka riga aka harba. In an ga huda ɗaya a tsakiya, makunnin samfurin Boxer ne. In an ga ƙananan hudoji biyu a gefe da gefe, samfurin Berdan ne. Abin dariya a tarihin waɗannan biyu shi ne, Boxer hafsan sojan Ingila ne amma Amurka ce ta rungumi dabararsa, Berdan kuwa Ba'amurke ne amma Turai ce ta ɗauki tasa. Yawancin harsasai masu gishiri da suka rage a duniya samfurin Berdan ne, shi ya sa mutane ke ɗaukar huda biyu a matsayin shaida. Wannan kuskure ne. Hudar tana nuna siffar makunni ne kawai, ba ta faɗin abin da aka zuba a cikinsa. Akwai Berdan marar gishiri, akwai kuma tsohon Boxer mai gishiri. Huda biyu dalilin tuhuma ce, ba ta kai hukunci ba.

Haka nan akwai wasu alamomi da ke ruɗin mutane. Kwanson baƙin ƙarfe mai koren fenti, da zoben ja ko shuɗi da ke kewaye da makunni, da rufaffen gwangwanin da harsashi ke zuwa a ciki, duk dabarun hana ruwa shiga ne. Dushewar tagulla tsufa take nunawa. Warin hayaƙi ba ya faɗin kome, tun da gishirin ba shi da wari. Rubutun da ke kan kwali ma ba hujja ba ne in an taɓa sauya wa harsashi mazubi.

Hanya ta uku, wadda ita ce tabbatacciya, gwaji ne. A ɗauki kwanson da aka harba, a ɗiga masa tsabtataccen ruwa kaɗan, a girgiza. A sami ƙusoshi biyu na baƙin ƙarfe a goge su har su yi ƙyalli. A ɗiga ruwan kwanso a kan ɗaya, a ɗiga tsabtataccen ruwan a kan ɗayar, a ajiye su wuri mai laima, kamar kusa da randa. In akwai gishiri, ƙusa ta farko za ta riga 'yar uwarta yin ja, kuma tsatsarta za ta fi yawa. A ɗakin gwajin kimiyya abin ya fi haka sauƙi: ɗigo ɗaya na sinadarin azurfa mai suna silba naitiret zai sa ruwan ya yi fari kamar an zuba madara. Kada kowa ya ce zai kwance harsashin da ba a harba ba don ya duba cikinsa. Wannan aikin ƙwararru ne, kuma ya raba mutane da yatsunsu.

Mai adaka shi ba ya bukatar gwaji. Albarushinsa mai toka ne, kuma in abin da ke tayar masa da wuta dangin kan ashana ne, to ya haɗa masifu biyu a bututu ɗaya. Kowane harbi nasa mai jawo tsatsa ne.

6.0 Irin Ɓarnar da Yake Yi

A cikin bututun bindigar soja akwai wasu siraran kwaruruka da aka sassaƙa a murɗe, huɗu a Kalashnikov, biyar a yawancin Lee-Enfield. Su ke sa ƙwayar harsashi ta riƙa juyawa kamar mazari, juyawar kuma ita ke sa ta tafi sak. In tsatsa ta ci gefen waɗannan kwaruruka, musamman a kusa da baki, ƙwaya sai ta fita tana tangaɗi. A wurin koyon harbi akan gane haka in an ga hudar da ta yi a allo doguwa ce maimakon zagayayya. Bindigar da ba ta zuwa inda aka auna haɗari ce ga wanda ba shi aka nufa ba.

Ɓarna ta biyu a mazaunin harsashi take, watau gindin bututu. A lokacin harbi kwanso yakan kumbura ya manne da bangon mazaunin, sa'an nan ya saki. In bangon ya yi ramuka, tagulla sai ta shige cikinsu, kwanso ya maƙale, wani lokaci ma ya tsinke biyu. Sojan da wannan ya same shi a fagen fama, sanda ce kawai a hannunsa.

Ta uku ta shafi bindigogi masu ɗura kansu. A Kalashnikov akwai wata ƙaramar huda a jikin bututu wadda ke karkatar da hayaƙi zuwa wani bututu na sama, hayaƙin ya tura fistin, fistin ya fitar da kwanso ya ɗauko sabon harsashi. Duk inda hayaƙi ya bi, gishiri ya bi. Masu ƙera ta sun san harsashinsu, shi ya sa suka shafe cikin bututun da ƙarfen kurom, wanda ba ya tsatsa. Amma shafen bai game ko'ina ba, kuma wasu samfurori, kamar M70 ta Yugoslabiya, ba su da shi a bututu. Mai bindiga zai leƙa ya ga bututu yana walƙiya, alhali sama tsatsa ta riƙe fistin.

Ta huɗu ita ce mafi muni, kuma ita ta fi kusa da talaka. Adakar da maƙeranmu ke yi, sau da yawa da bututun ruwa ake yin ta ko da sandar sitiyarin mota, ƙarfen da ba a yi shi don ɗaukar ƙarfin albarushi ba. Toka da gishiri a can gindi suke taruwa, inda ido ba ya kai wa, kuma nan ne ƙarfin harbi ya fi tsanani. Shekara bayan shekara bango yana sirancewa daga ciki, waje kuwa sumul. Ranar da ya gaza, bututu sai ya tsage a daidai inda hannun hagu yake riƙe, kusa da fuska. Ƙaiƙayi ya koma kan masheƙiya. Maharbi ko ɗan sintiri, a Unguwar Gano yake ko Gyaɗi-Gyaɗi ko Tarauni ko wani ƙauye na bayan gari, da hannun nan yake noma, da shi yake ciyar da iyali. Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano yana nan kan hanyar Zariya, likitoci suna iya ɗinke rauni, amma ba su mayar da yatsan da ya tafi ko idon da ya tsiyaye.

7.0 Magani

Maganin bai fi ƙarfin kowa ba. Da farko a tabbata ba kome a cikin bindiga. A ranar da aka yi harbi, kada a bari ta kwana, a kwarara ruwan zafi ta cikin bututu, daga gindi zuwa baki in ƙirar bindigar ta ba da hali, da ɗan sabulu in akwai. A wanke duk sassan da hayaƙi ya taɓa. A kiyaye katakon jikinta kada ya jiƙe. Amfanin zafin ruwan biyu ne: yana saurin narkar da gishiri, kuma yana ɗumama ƙarfe har ya bushe da kansa. A bi da busasshen ƙyalle har sai ya fito fari. Bayan nan ne mai ke da amfani, domin aikinsa shi ne tsare tsabtataccen ƙarfe daga iska. A sake dubawa washegari, da kwana biyu na bayansa, domin gishirin da ya ɓuya a rami yakan fito daga baya.

Ba kowane mai ya dace ba. Man gyaɗa da man ja sukan daskare su yi danƙo in sun daɗe. Baƙin man da aka juye daga inji yana ɗauke da dattin da ya kwaso. Man bindiga ya fi, in babu shi man keken ɗinki ya wadatar. Wajen ajiya kuma, kada a toshe baki da tsumma, kada a bar ta cikin kube na fata duk damina, kada a jingina ta da bangon ƙasa mai laima, kada kuma a ajiye adaka a ɗure wata da watanni. Wadda ta riga ta yi ramuka masu zurfi a gindi, wankewa ba ta mayar da ita. A daina harba ta. In tana da tarihi, gara ta zama abin kallo irin kayan yaƙin da ke Gidan Makama.

8.0 Kammalawa

A taƙaice, mun ga cewa makunni mai gishirin ashana yana barin gishiri a bindiga, gishirin yana jan laima, mai ba ya narkar da shi, kuma bushewar hunturu tana ɓoye shi har damina ta zo. Mun ga cewa hatimin gindin kwanso yana ba da haske, huda biyu tana ba da tuhuma, gwajin ƙusa ne ke yanke hukunci. Wanda ya yi shakka kuwa, ya wanke da ruwan zafi, domin wankewar ba ta cutar da bindigar da aka busar aka shafa wa mai.

A watan Disamba na 2024 hukumar UNESCO ta sa hawan sallar Kano cikin jerin al'adun duniya da ya kamata a kiyaye. Kiyaye al'ada ya haɗa da kiyaye lafiyar masu yin ta. Ina kira ga shugabannin maharba da maƙera da na 'yan bindigar fada su sa wannan bayani cikin abin da suke koya wa yaransu. Ina kuma kira ga ɗalibanmu na Hausa su je wurin waɗannan dattawa su rubuta sunayen sassan bindiga da kalmomin ƙira da na farauta tun masu su suna raye, domin da irin waɗannan kalmomi ne za mu rubuta littattafan kimiyya da jama'a za su karanta su gane.